Takalman Yanaki

Ni na riƙe wa Injiniya Velkov gefen takardar zanen ranar da ya fara shimfiɗa ta a kan yashinmu, don kada iskar teku ta tafi da ita. Da na san abin da ke ciki, wallahi da na sake ta. A 1958 ne. An turo shi daga Sofiya, babban birnin ƙasarmu, ya gina garin hutu a bakin tekunmu, otal talatin, tituna, filin rawa, har da famfon da baƙi za su riƙa wanke ƙafa. Gari guda a takarda, amma ko akurkin kaza babu a cikinsa.

Na rataye komata ta kamun kifi na shiga leburanci, kamar rabin mazan ƙauyenmu. Kifi ya yi ƙaranci, kuma an yi mana alkawarin ɗaki mai wutar lantarki. Wa zai ƙi?

Inda ya zana otal na farko, nan maƙabartarmu take. Ya ce a kwashe ta cikin kwana uku zuwa kan tudu, bayan sabon titi. Likita zai tsaya a wurin, duk ramin da aka samu ƙashi a ba shi akwati da gurbi a can sama.

To ga inda gizo ke saƙa. Mahaifina Yanaki teku ce ta ci shi shekara goma sha bakwai kafin nan, ko farcensa ba ta mayar ba. Mu kuwa ba ma barin matar masunci ba ta da wurin kuka. Akan binne wani abu nasa, limamin coci ya yi addu'a, a kafa gicciye, ya zama kabari kamar na kowa. Na babana dogayen takalman roba ne. Ranar da ya fita na ƙarshe ya bar su a gida, domin Inna Kalitsa, mahaifiyata, ta liƙa wa na hagu jan faci kuma gam bai bushe ba. Su aka naɗe a tamfol mai kwalta aka binne. Duk Asabar ɗin matattu, ranar da muke tunawa da waɗanda suka rasu, Inna takan kai dafaffiyar alkama ta raba wa mutane, ta zuba ruwan inabi a kan yashin. Gefensa na hagu ta kewaye da duwatsu, ta ce nan za a kwantar da ita, duk wanda ya kai ta wani wuri ba ta yafe ba.

Na sami Velkov yana cin burodi da cuku a tsaye. Na ce, "Kwamared injiniya, akwai kabari ɗaya da ba ƙashi a ciki."

"To ba kabari ba ne ke nan."

"Na ubana ne."

Ya daina tauna. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Mutum ne dai da bai taɓa jiran kwalekwale ya dawo ba. Ya ce, "Stamat, gurbi sittin da ɗaya aka ba ni, kowanne sai likita ya sa hannu. Likitan zai sa hannu a kan roba ne? Idan na ba takalmi gurbi, gobe wata ta zo min da hula."

"Akwai mata huɗu da hula suka binne," na ce.

"Ka ji ko!"

Na ce a raina, shi ke nan, ni zan yi da kaina. Ranar Alhamis na tone ramin, na ciro ƙunshin. Na buɗe gefe kaɗan, sai ga su baƙi wuluk, kamar jiya aka cire su daga ƙafa, busasshen yashi bai taɓa su ba. Na ajiye a gindin ɓauren da ke bakin maƙabarta, da niyyar in an tashi daga aiki in haura da su in binne su a ɓoye a wani lungu, in bar wa Inna gefensu. Sai shugaban leburori ya ƙwala min kira in kama akwatin ƙasusuwan tsohuwa Despa zuwa keken doki. Daga ɗaya sai ga goma. Da na dawo, tamfol na nan a shimfiɗe, takalma babu.

Na zagaya wurin nan kamar mahaukaci. Leburori ɗari huɗu ne a filin, mafi yawansu an kwaso su ne daga ƙauyukan dutse, wa zan tambaya? Da na isa gida Inna tana tsince alkama a tire, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka kai shi?"

"Na kai shi, Inna."

"Ka bar min gefen hagu?"

"Na bari."

Ban taɓa yi mata ƙarya mai nauyin wannan ba, kuma na tsani kaina tun kafin in rufe baki.

Jibin ranar ta kama Asabar ɗin matattu. Ta ɗaura baƙin kallabinta, ta ba ni kwanon alkama, ita ta riƙe kwalbar ruwan inabi, muka kama hanyar tudu. Ni ina ta tunanin wace ƙasa zan nuna mata in ce nan ne. Hanyar ta bi ta inda ake zuba kankaren harsashin ɗakin cin abinci. Maza kusan ashirin suna cikin ramin suna baje siminti da shebur. Sai na ji Inna ta tsaya cak.

Wani dogo ne ramamme ya fito daga ramin yana kakkaɓe ƙafa. Siminti ya rufe takalmansa har ƙwauri, amma a na hagu jan facin nan yana leƙowa.

Na dangwarar da kwanon, na ci kwalarsa. "Ɓarawon kabari! Ubanka ne ya saya maka?"

"Sake ni, ɗan'uwa! A gindin bishiya na tsinta, na ɗauka yar da su aka yi."

"Cire su ko in cire da ƙafar!"

Sauran suka taru suna dariya. Wani ya ce, "Rayko, mun gaya maka takalmin ya fi ƙarfinka." Ya zauna a ƙasa, ya zare na dama. Dariyar ta mutu. Wata biyu ya yi yana shiga siminti da fatar akuya ɗaure a ƙafa, irin ta mutanen dutse, simintin ya cinye masa tafin ƙafa, duk ya tsattsage ya yi jajir.

Inna ta dube ni. Ba ta ce na yi mata ƙarya ba, da ma ta faɗa da ya fi min sauƙi. Ta juya ga mutumin.

"Mayar da ƙafarka, ɗana."

"Iya, ban sani ba, na rantse..."

"Na ce ka mayar. Tashi tsaye."

Ya miƙe. Ta ɗebi alkama a cokali ta zuba masa a tafin hannu. "Mai takalman nan sunansa Yanaki. Ka san abin da ake cewa in an ba ka abin mamaci?"

"Allah ya gafarta masa," ya faɗa a hankali.

"Ci."

Ya ci. Sai tsohuwar nan ta durƙusa a cikin caɓin siminti, a gaban maza ashirin, ta buɗe kwalba ta zuba ruwan inabin a kan takalman, na dama sannan na hagu, kamar yadda ta saba yi shekara goma sha bakwai. Ta sa babban yatsa ta goge facin har ya fito sarai. Rayko yana tsaye ƙiƙam yana kuka, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Da sanyi ya shigo aka kwashe mutanen dutse a manyan motoci aka mayar da su gida, takalman suka tafi tare da shi. Babana da bai taɓa kwana nesa da ƙarar ruwa ba, ya ƙare a wani ƙauye da ban san ko sunansa ba.

Amma a waccan Asabar ɗin, ni da Inna muka juyo gida da sauran alkama a kwano har muka kai ƙofa. Ta dafa bango ta cire takalminta, ta tambaye ni kamar mai tambayar ko na rufe taga.

"To Stamat, ni kuma gefen wa za ka sa ni?"