Hannun Rigar Karan-Miski

Shekara arba'in Baba Tela ya yi yana yanka yadi, bai taɓa zaton za a kira shi alƙalanci tsakanin ƙarafa biyu ba. Autarsa ce ta kira shi. Tun da ta gama karatu take aiki a ɗakin bayan shagonsa, tana zana tufafi a kwamfuta don masu kaya su ga yadda riga za ta zauna a jiki kafin a ɗauki almakashi. Waya ɗaya ke kawo musu wuta, kuma ba ta ɗaukar nauyi da yawa.

Da hantsi ya shiga ya tarar ta buɗe cikin kwamfutar. A kan tebur ga wasu abubuwa biyu da ta aro wajen mai gyara. Ɗaya ƙato ne baƙi, mai fanka uku, ya kusa tsawon kamu ɗaya. Ɗayan siriri ne, fankarsa biyu.

"Baba, waɗannan su ake kira katin hoto. Su ke zana duk abin da kake gani a allo. Kamfanoni biyu suka yi su, kowa na cewa nasa ya fi. Ɗaya zan ɗauka."

"To ni mene ne nawa a ciki, Auta?"

"Idonka nake so. Ni zan duba lokaci da wutar da suke sha, kai ka duba yadin."

Ta soma da ƙaton, ta jona ƙaramar mitar auna wuta a soket. Fankokin suka ɗauki gurnani, lambar mitar ta yi ta hawa har wat ɗari huɗu da ashirin, iska mai zafi ta bugi ƙafafunsa.

"Wannan ai murhu ne," in ji Baba Tela, yana ja da kujerarsa baya.

Minti huɗu cif, hoton ya kammala: doguwar rigar karan-miski shuɗiya, tana juyawa a hankali. Dariyar da yake yi ta tsaya. Ya ga yadin ya zubo daga kafaɗa da nauyinsa, ya ga haske yana bin ninkin yana gudu kamar ruwa. Auta ta matso da hoton kusa, sai ga gashin yadin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar inuwarsa.

"Wa ya ɗauki hoton nan?"

"Babu wanda ya ɗauka, Baba. Rigar ma ba a ɗinka ta ba. Katin ne ya lissafa inda haske zai faɗa a kan kowane gashi."

Ya ƙura wa allon ido. Ta cire ƙaton ta sa siririn. Shi wannan ko tari bai yi ba, sai da Baba Tela ya kara kunne kafin ya ji motsinsa. Mitar ta tsaya a ɗari da casa'in. Minti biyar da rabi, rigar ta sake bayyana, babu abin da ya ragu.

Can ya miƙe tsaye, ya nuna allon da yatsa.

"Tsaya. Hannun hagun nan ya fi na dama haske. A na farkon ma haka na gani, na ɗauka idona ne."

Auta ta duba zanenta, ta dafe baki. Ashe a zanen ta juya yankan hannun, gashin yadin ya kwanta sama maimakon ƙasa.

Baba Tela ya koma ya zauna a hankali. Wannan kuskuren shi ma ya taɓa yin sa yana sabon tela, ya ɓata yadi mai kyau, maigidansa ya yi mako bai amsa gaisuwarsa ba. Ga shi yau wani abu da bai taɓa shafa yadi ba ya nuna shi, da wutar da ba ta kai ta dafa shayi ba.

"Allah mai iko," ya ce ƙasa-ƙasa. "Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Amma ɗauki mai shirun. Minti ɗaya da rabi ba ya tsufar da mutum."

Ta gyara hannun, ta sake kunnawa. Wani mai kaya ya yi sallama a bakin shago, Baba Tela ya ɗaga murya ya ce a ɗan jira shi. Ya jawo kujera kusa da allon.

"Auta, in wannan ya gama, sa mini siliki in gani."