Na Takwas a Littafin Akawu

"Kar ki rubuta mutum bakwai," in ji Akawu. "Kowa da sunansa. Ɗaya bayan ɗaya, 'yata."

Mai ɗinki ta gyara zama a bakin katifa, ta ɗora littafin a cinya. Tawul na uku ke nan ta danna masa a ciki, shi ma ya jiƙe sharkaf da jini.

Katanga ɗaya ce tsakanin shagonta da ɗakinsa. Shekara talatin ya yi yana rubuta sunayen majinyata a asibiti kafin ya yi ritaya. Da yaƙi ya shigo gari, rediyo ya riƙa kiran duk wanda aka kashe ɗan bindiga, sai dattijon ya sayi littafi ya kama bin gida-gida: suna, shekaru, sana'a, inda abin ya faru. Kullum yakan buga waya ya karanta wa wata ƙungiya da ke wajen ƙasar. Da safen nan bam ya faɗa kan layin masu sayen burodi. Yana cikin duba gawawwakin sai bam na biyu ya sauka. A kan ƙyauren ƙofa aka kawo shi gida, don an tare hanyar asibiti.

Ya faɗi sunan mai gyaran takalmi, ta rubuta. Ya faɗi na malamar makaranta da ƙanwarta.

"Baba, ka huta mana. Ka bar maganar nan."

"Hutu na nan tafe. Shekarun malamar ashirin da shida, ba da bakwai ba. Gyara."

"Matar direba fa? An ce har da ita."

"Wa ya ce? Takalminta kawai na gani. Abin da ido bai gani ba, ba ya shiga littafina. In suka kama mu da kuskure ɗaya, sai su ce duka ƙarya ne."

Tana rufe na bakwai ta ji mota ta ci birki a bakin layi. Sai bugun ƙofofi, gida bayan gida, yana matsowa. Ta dubi Akawu, da ido ya nuna mata bahon da take zuba tawul a ciki. Ta naɗe littafin a leda, ta cusa shi ƙarƙashin tawul ɗin da suka jiƙe, ta goge hannu a zani.

Soja ya banko ƙofa. Ya dubi katifar, ya dubi bahon, ya yamutsa fuska.

"An ce akwai mai rubuce-rubuce a layin nan."

"Yallaɓai, ni keken ɗinki na sani."

"Wannan fa?"

Sai a lokacin ta ga biro na nan a hannunta.

"Awo nake rubutawa."

"Awon wa?"

"Nasa," ta ce, ta nuna katifar. "Na likkafani."

"Ki ƙara masa tsawo, 'yata," in ji Akawu da ƙyar. "Wandon bara ma a ƙwauri kika tsayar mini da shi."

Sojan bai yi dariya ba. Ya ɗaga matashi, ya zazzage akwati, ya sa ƙafa ya ture bahon har ya daki bango, amma bai sunkuya ba. Ya ɗauki wayar Akawu daga kan tebur ya zura a aljihu, ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Ba ta motsa ba sai da ƙarar motar ta ɓace. Akawu ya yafito ta, ta kai kunne bakinsa. Ya raɗa mata lambar wayar ƙungiyar sau biyu, ta rubuta a tafin hannu. Ya nemi ruwa, ta jiƙa masa leɓe. Kafin rana ta take, numfashinsa ya tsaya.

Ta lulluɓe shi, ta ciro littafin daga baho, ta ɗauko wayarta a shago, ta hau rufin bene, inda kaɗai sabis ke kamawa. Ta tsuguna bayan tankin ruwa don kar a hango ta daga titi.

"Wa ke magana?" muryar wata mata ta tambaya. "Ina Akawu?"

"Maƙwabciyarsa ce. Zan karanta miki."

Ta karanta bakwai ɗin, tana jin matar tana bugawa a kwamfuta.

"Shi ke nan?"

"Akwai na takwas." Ta faɗi cikakken sunansa. "Shekara sittin da tara. Bam na biyu ne, a gidan burodi."

"Sana'a?"

"Akawu."

Bugun ya tsaya.

"Wata goma sha huɗu kullum muna magana," in ji matar a hankali. "Ban taɓa sanin sunansa ba." Ta ja hanci. "Yi haƙuri, dole in tambaya. Kin gani da idonki?"

"Ni na rufe masa ido."

Bugun ya ci gaba.

Da ta sauko, ta tarar da wata tsohuwa a tsaye a ƙofar ɗakin Akawu. Ba ta yi sallama ba, ba ta shiga ba. Ta riƙe katin shaidar wani da hannu biyu, ta manna shi a ƙirji, tana kallon mayafin da ke kan katifa. Mai ɗinki ta jawo mata kujera, ta buɗe littafin.