Kaset ɗin Bikin Mufida

Idan mutum ya ba ka ajiya, ka buɗe ta bisa umarninsa, sai ka tarar da haƙƙin wani a ciki, amanar wa za ka riƙe? Na yi wa kaina wannan tambaya a kan sallaya, na yi ta a gaban kwamfuta, ban sami amsa ba. Ni ba malami ba ne. 'Yan littattafan da na karanta a bakin tasha na saye su, sana'ar da nake ci da ita ma da kaina na koya.

Sunana Imrana. Ina da ɗan shago a Jega, bayan layin masu hatsi, inda nake kwashe bidiyo daga tsofaffin kaset na kyamarar hannu in zuba a kwamfuta, daga nan in buga a faifai. Aikin ba ya son gaggawa. In kaset ɗin na awa guda ne, awa guda za ka zauna yana juyawa, idonka a kai, don kada zaren ya tsinke ko hoto ya tsaya ba ka sani ba. Saboda haka duk abin da ke ciki sai ka gani, ko kana so ko ba ka so.

Alhaji Rabi'u, babban dillalin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi, shi ya kawo mini kaset ɗin bikin 'yarsa Mufida, wanda aka yi shekarun baya, washegarin Babbar Salla. Ya ce kyamarar ta lalace tun a ranar, aka jefa kaset ɗin a akwati, ba wanda ya taɓa kallo. Yanzu matan gidansa sun matsa a buga faifai da yawa, a raba wa dangi a Jega da Aliero da Maiyama.

Na ce masa in ya zo karɓa zai ɗan zauna in gwada masa a gabansa, haka nake yi wa kowa.

"Ni ba ni kallon hoto," in ji shi. "Tun da nid dawo Makka ban sake aza idona ga talabijin ba. Kai dai ka yi aikinka."

Da hantsi na jona wayoyi, na kunna. Biki ne kamar kowane biki. Mata da ashobi, manyan tukwane, wata tsohuwa tana rufe fuska tana zagin mai ɗauka. Can sai mai kyamarar ya fito ƙofar gida don ya ɗauki motocin rakiyar amarya. Hannunsa ya ɗan karkata, hoton ya kamo gindin wata dalbejiya a tsallaken hanya. Wani ɗan kabu-kabu na tsaye a wurin a kan sabon babur ja, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. Ya juyo yana dariya, wushiryarsa a fili.

Na san fuskar nan kamar tafin hannuna. Kamaluddeen ne, ɗan Aliero, wanda ya fita da baburinsa washegarin wata Babbar Salla, ba a sake ganinsa ba, ba shi ba babur. Uwarsa, Inna Gudiya, duk ranar kasuwa tana zuwa tashar Jega da hotonsa tana nuna wa direbobi. In hoton ya koɗe don shafa, wurina take kawowa in sake wanke mata.

A cikin bidiyon wani saurayi ya tsallaka hanya da farar shadda, ya dafa kafaɗar Kamaluddeen, ya hau bayansa. Suka miƙe hanyar Maiyama. Saurayin Zaharaddeen ne, babban ɗan Alhaji Rabi'u. Kowa a layinmu ya san lokacin da ake cigiya an tambaye shi, domin abokai ne, ya rantse a gaban dattawa cewa rabonsa da Kamaluddeen tun kafin Salla.

Na tsayar da hoton. Na leƙa waje, ba kowa sai wata akuya tana tsintar gero. Na ja ƙofa na saka sakata da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba.

Na yi ta juya abin a raina. Hawa babur ba kisa ba ne. Wataƙila Kamaluddeen ya sauke shi a hanya, wataƙila tsoro ne ya sa shi rantsuwar ƙarya. To amma in na bar wurin a faifai, gidaje da yawa za su kalla, kuma a Aliero ba za a rasa wanda zai nuna da yatsa ba. Na san abin da taron mutane ke yi in ransu ya ɓaci, ba sa jiran alƙali. In kuma na yanke wurin, wanda ba zai ɗauke ni komai ba, na rufe ƙofar da Inna Gudiya ta yi shekaru tana ƙwanƙwasawa. Ban da haka ga kaina. Zaharaddeen yanzu ba saurayin biki ba ne. Yana da motocin haya, yana da samari masu bin sa da gora, kuma an ce wanda ya taɓa shi ba ya kwana lafiya.

Washegari ranar kasuwa. Inna Gudiya ta biyo ta ƙofar shagona kamar yadda ta saba, ta tsaya ta huta.

"Ɗana, ina kwana? Kai ko lahiya? Idonka ya faɗa."

"Zazzaɓi ne, Inna."

"Ka sha sabara. Ku yaran zamani ba ku jin magana." Ta ciro hoton daga bakin zanenta ta duba, ta mayar. "Wanga bai koɗe ba tukuna. Allah shi yi ma albarka."

Na ce amin. Ɗanta yana bayana a cikin kwamfuta yana dariya, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Na bi ta da kallo har ta shige cikin masu Keke Napep.

Bayan azahar inuwa ta rufe ƙofa. Zaharaddeen ne, ya yi ƙiba, yana kaɗa makullin mota. Samari biyu suka tsaya a waje.

"Injiniya! Mai ganin asirin gari!" Ya zauna a kan teburina ba tare da na ce bisimilla ba. "An ce Baba ya kawo ma kaset ɗinmu. Sai jiya nij ji. Ka gama?"

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

"Kana kallo in kana yi?"

"Sama-sama dai. Don kada ya tsinke."

"Mi kag gani?"

"Biki. Mata da abinci."

Ya yi dariya, ya ɗauki wani faifai yana duba fuskarsa a ciki. "Tsohon kaset hwa ba shi da tabbas. Wani wuri shi kan lalace, sai a yanke a yar. Musamman wajen ƙohwar gida, inda rana ta yi yawa. Ko ba haka ba?"

"Yakan faru."

"Madalla. Matarka har yanzu tana tahiya Gehuru ganin gida? Hanyar ba ta da kyau kwanan nan. Ka riƙa kula." Ya lanƙwasa faifan a hankali har ya tsage, ya ajiye mini gutsattsarin a gabana. "Gobe ni za ni zo in amsa, ba sai Baba ya wahala ba."

Da ya fita sai na ga gumi ya jiƙe mini riga har ƙugu. Ban ɓata lokaci ba, na zauna na yanke wurin a kwamfuta, asalin kuwa yana nan a kaset. Hoton ya tsallake daga ƙofar gida zuwa motar amarya, sumul, ba wanda zai gane. Na ɗauko faifai zan buga, sai na kasa tura shi cikin na'ura. Na ajiye, na sake ɗauka, na sake ajiyewa. Duk motar da ta tsaya a waje sai in tashi in leƙa. A gida na hana matata zuwa ko'ina, ta tambayi dalili, na yi mata tsawa.

Da safe ban gama buɗe shago ba sai ga Alhaji Rabi'u da kansa, da sandarsa da ƙurar kara a takalminsa.

"Malam Imrana, ina kayana?"

Na ɗauko kaset ɗin da hannu biyu na miƙa masa. "Alhaji, ka yi mini afuwa. Ba zan iya ba."

"Ya lalace?"

Da na ce e, da an wuce wurin. Na girgiza kai. "Lafiyarsa ƙalau."

"To mi?"

"Akwai abin da ba ni da ikon yankewa, ba ni kuma da ikon rabawa. Kai ka kawo, kai ya kamata ka gani."

"Na gaya ma ba ni kallon hoto."

"Ka gaya mini, Alhaji."

"To faɗa min da baki."

"In na faɗa, maganata ce, ni kuwa ba kowa ba ne. Gobe sai a ce ƙarya na yi, ni da iyalina mu shiga uku."

Ya daɗe yana kallona. Dillali ne, mai gane saniya marar lafiya tun daga nesa. Ya dubi fuskata, ya dubi gutsattsarin faifan da ban share ba.

"Wa yaz zo nan?"

Na sunkuya ina tattara gutsattsarin.

"Yaron nan," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "ko ruwan alwala bai taɓa miƙo min ba sai na roƙa. Tun jiya shina bi na, Baba ka huta, Baba ni za ni amso ma."

Sai ga ƙarar mota a waje, ta tsaya daidai ƙofa. Na ji an rufe murfi da ƙarfi, na ji muryar Zaharaddeen yana ce wa samarinsa su jira. Na ja baya na tsaya bayan tebur. Ya leƙo da fara'arsa, ya ga ubansa, fara'ar ta tsaya a fuskarsa ba ta gaba ba ta baya.

"Baba, ai da ka bari..."

"Shigo," in ji Alhaji. "Ja ƙohwar."

Ya jingine sandarsa a bango, ya janyo kujerar roba, ya zauna a gaban kwamfutar. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya saka.

"Malam Imrana, kunna. Wanda ba ka yanke ba."