Kwandon Ciyawar Ɓauna

"Ba zan shiga gudun ba, Malam."

Malam Tek, mai horar da 'yan tseren tsauni, ya dubi Dilmaya kamar bai ji ba. Saura mako uku a zaɓi masu tafiya gasar birnin Pokhara, kuma duk gundumar babu mai ƙafarta.

"Ƙashin ai ya haɗe, 'yar nan. Daurewa kawai za ki yi."

"Likita ta ce gudun minti ɗaya, tafiyar minti huɗu. Ƙaurina ne ya tsage, Malam, ni na san zafinsa."

Haka ta riƙa bin matakalan dutsen ƙauyensu da agogo a hannu, matan unguwa na wuce ta ɗauke da kaya.

"A ba gwanar gudu hanya," in ji Goggo Sunmaya. "Ko in goya ki ne?"

"Ki fara goya haƙoranki, Goggo, na ga suna zubewa a hanya."

Sai dai ciwon ya ƙi tafiya, ga shi ba ta taɓa saɓa wa takardar likita ba. Wata safiya kakarta ta tarar da ita tana murza ƙafar, igiyar kwandon da Dilmaya ke ratayawa a ka har ta yi mata shaida a goshi.

"Wannan takardar taki ta san da ciyawar ɓauna?"

Kullum da safe Dilmaya takan hauro da ciyawar ɓaunar da suke kiwo, a kwandon da ya kusa rabin nauyinta, amma ko da likita ta tambaye ta wane atisaye take yi, bai zo mata a rai ba. Wa ke kiran ɗebo ciyawa atisaye?

Washegari Goggo Sunmaya ta fizge kwandon. "Kawo nan, mai karatun banza."

Matan unguwa biyar suka raba kwanakin ɗebo ciyawar a tsakaninsu, kowace tana ɗauka tana tsiya.

A mako na tara Dilmaya ta haura har wurin ibadar da ke ƙolin tsauni ba ta tsaya ba, ƙafar ko motsin ciwo babu. Daga gonaki matan suka yi ta buga lauje a duwatsu. Ta zube kan ciyawa tana dariya har da hawaye.

An yi gasar babu ita. An ba wata gurbinta, kuma Malam Tek ya daina amsa gaisuwarta.