Likitar da Ta Kasa Ribas

Birki ake kiransa, a wurin aiki da a gida, har da surukarsa in ta sha'afa. Malamin koyar da tuƙi ne, kuma ƙafarsa ta dama ce ta jawo masa sunan. Ko a falo yake zaune ana hira, da zarar an faɗi abin da bai kwanta masa ba sai ka ga ƙafar nan ta danna ƙasa. Mutum ne da ba ya yarda da kowa sai ya ga takarda. Ya taɓa tambayar mai gyaran famfo inda ya koyi aiki, mutumin ya tattara kayansa ya bar su da ruwa yana ambaliya a kicin.

Da matarsa ta samu ciki, na fari bayan an daɗe ana jira, sai abin nasa ya ƙaru. Ita a ofishin kamfanin waya take aiki, wuni take tana sauraron ƙorafin mutane, don haka haƙuri ya zame mata sana'a. Ta ce masa akwai wata likitar mata a asibitin da ke bayan gidan mai, abokan aikinta a hannunta suke haihuwa, kuma kowa sai yabonta yake. Birki ya ce yabo ba shaida ba ne. Shi zai nemo likita da kansa.

Na farkon da ya samo dattijo ne mai furfura, mai magana a hankali, bangon ofishinsa cike da takardun shaida har babu wurin rataye agogo. Birki ya dawo gida yana washe baki. Matarsa ta bari ya gama bayani, sannan ta tambaye shi ko asibitin yana karɓar inshorar lafiyarsu. Bai tambaya ba. Ya kira kamfanin inshora, suka sa masa kiɗa a kunne har ya haddace shi, daga ƙarshe wata mai sanyin murya ta ce masa dattijon ba ya cikin likitocinsu.

Na biyun yana karɓar inshorar, amma a can ƙarshen gari yake. Birki ya bi hanyar da mota don gwaji, ya tarar da shataletale kan shataletale, ga layin dogo a tsakiya. Ya ce ba zai haɗa naƙuda da jirgin ƙasa ba. Ya sake kiran mai sanyin murya, ya ce ta duba masa ƙwararren likitan haihuwa mafi kusa da gidansa wanda suke biya. Ta ce akwai guda ɗaya, a asibitin da ke bayan gidan mai. Matarsa tana zaune kusa da shi tana ɓare lemo, ko kai ba ta ɗaga ba.

Washegari da hantsi ya tafi shi kaɗai, wai leƙen asiri. Ɗakin jira cike yake da masu ciki, kowace ta dafe ƙugu, fanka tana juyawa a sama kamar an yi mata dole. Birki mutum ne mai tumbi, kuma tumbin ne ya fara isa gaban teburin mai karɓar baƙi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wata nawa?"

Matan da ke kusa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Wata ma ta matsa ta ba shi wuri, ta ce tsayuwa ba ta da kyau a irin wannan hali.

Ya gyara murya ya ce takardun likita ya zo gani. Mai karɓar baƙi ta nuna masa bangon baranda da bakin biro. Ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya: shaidar kammala karatun likita, shaidar ƙwarewa a fannin mata da haihuwa, lasisin aiki na bana da hatiminsa. Komai ras. Har ya fara gyaɗa kai sai idonsa ya sauka a kan ɗan hoton da ke jikin lasisin. Ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa.

Ya san fuskar nan. Ɗalibarsa ce ta shekarun baya, wadda har yanzu ake ba da labarinta a makarantar tuƙi. In ka ce ta kunna sigina sai ta kunna abin goge gilashi. In aka zo ribas kuwa, sai dai kowa ya nemi mafaka. Ta murƙushe gangunan gwaji, ta kayar da allon makarantar, ranar ƙarshe ta shiga da bayan mota cikin shukokin mai makarantar, ta fito ta ba da haƙuri, ba ta sake dawowa ba. Wayarta ba ta daina ƙara a tsakiyar darasi, ta amsa ta ce a sauke ta ta hau tasi. Shi a lokacin ya ɗauka shiririta ce kawai. Ba ta taɓa ce masa ita likita ce ba.

Yana nan tsaye ƙofa ta buɗe, ta fito da farar riga. Ta gane shi nan take, ta gaishe shi da ladabi irin na ɗaliba, ta shigar da shi ofis. Ya zauna a bakin kujera yana juya makullin mota a hannu. Ya so ya yi kwana-kwana, amma ba halinsa ba ne.

"Likita, ki gafarce ni," ya ce. "Wadda ta kasa fito da mota daga tsakanin ganguna biyu, yaya za ta fito da ɗan mutum?"

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido.

"Malam, jariri da kai yake fitowa. Gaba yake yi."

"In ya zo da ƙafa fa?" Ya karanta wannan a waya, kuma bai yi barci mai daɗi ba tun daga ranar.

"To wannan ribas ɗin na iya shi."

Ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Ta ba shi lambar rajistarta, ta ce ya kira hukumar da ke ba likitoci lasisi ya tabbatar, domin takardar bango kowa zai iya buga ta. Ta ce da mutane suna tambaya kamarsa da an rage ɓarna. Sannan ta ce in ya kira masu inshora ya tambaye su ko suna biyan hoton ciki, da gwajin jini, da tiyata idan ta kama, da kwanciyar jariri. Duk wannan bai zo masa a rai ba. Ya fita yana jin kamar shi aka yi wa jarrabawa.

Ya kira hukuma, suka tabbatar masa da ita, babu wani ƙorafi a kanta. Har ya tambaye su ko suna duba lasisin tuƙi, suka ce ba hurumin su ba ne. Masu inshora ma suka amsa duka, sai dai sun ce a sanar da su tukuna in za a yi tiyata. Da yamma ya zauna ya sanar da matarsa cewa, bayan dogon bincike, ya zaɓa mata likita. Ta yi masa godiya sosai.

Ranar da ya kai ta awon farko, suna shiga mai karɓar baƙi ta miƙe da fara'a, ta tambayi matarsa ko kumburin ƙafar ya sauka, ko maganin ƙarin jinin ya karɓe ta. Nas ta leƙo ta ce yau ta makara. Birki ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya dubi matarsa. Ashe tun makon da ya fara yawon neman likita take zuwa awo a lokacin hutun cin abincin rana.

"Maigida, ciki ba zai tsaya jiran ka gama bincike ba," ta ce a hankali. "Amma ai ka ga mun zo wuri ɗaya."

Ya kumbura da fushi har aka kira su. Da aka ɗora na'ura a cikinta ya ji bugun zuciyar abin da ke ciki, da sauri-sauri, sai fushin ya bi iska. Ya tambayi likita ko gudun bai yi yawa ba. Ta ce daidai yake.

Naƙuda ta tashi da tsakar rana, yana kan titi da wani ɗalibinsa, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya ce sai ya koyi mota kafin ya mutu. Matar Birki ta kira ta ce tana cikin tasi, ya same ta a asibiti, don in ta jira irin tuƙinsa a gaban fitilar hanya za ta haihu. Birki ya sa dattijon ya bi hanyar asibiti, suna tafiya kamar masu rakiyar kunkuru. Suna isa ya ja birkin hannu, ya ce masa ya riƙe sitiyari kada ya taɓa komai, ya fita da gudu.

Sai bayan la'asar aka miƙo masa jaririyar, mace, jajir, fuska a yamutse kamar an tashe ta daga barci mai daɗi. Ya miƙa hannuwa a sandare, gwiwar hannu a waje. Likita ta gyara masa, ta ce ya tallafi kan, ya saki kafaɗa, ba za ta kuɓuce masa ba. Ya tsaya yana kallon yatsun nan ƙanana har idonsa ya ciko. Matarsa, a gajiye, ta ce ya matso da ita ta taga su gan ta da kyau.

Da ya isa tagar ne ya hango motar makaranta a ƙasa, a karkace, tana cin wurin motoci biyu. Dattijon yana ciki, zufa ta jiƙe masa riga, hannuwa biyu a kan sitiyari, yana kallon gaba.