Kwalbar Lidiya

Ranar da Abdallah zai zo ya yanke magana a kan iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a Saudiyya, Lidiya ta tashi da sassafe. Ta daɗe tana jinyar mahaifiyarsa, Hajiya Dela, tun suna Karantina a Jidda, kafin a rushe unguwar su koma wani bene a Madain Fahd. Yanzu matarsa ta kawo shawarar a sallame ta a ɗauko mai takardar asibiti. Abdallah, wanda shi ne kafilinta, mai tsaya mata a wurin hukuma, ya ce a jira shi bayan la'asar. In bai sabunta iƙamar ba, sai gida, ga 'ya'yanta biyu suna makaranta a Malumfashi.

Lidiya Kirista ce, kuma a Jidda ba ta da coci sai ɗakinta. A nan, bayan akwati, take ajiye wata 'yar kwalbar man zaitun da ta karɓo a hannun wani fasto a Jos, wanda ya ce ya yi azumi a kan man. Da farko takan shafa kaɗan a goshi ta yi addu'a. Sannu a hankali addu'ar ta riƙa gajarta, shafawar tana ƙaruwa, har ta kai ga bakin ƙofa da wayarta da katin iƙama. Ranar da ta manta ba ta shafa ba, wuni take tana jiran masifa. Abin da ya ƙara ɗaure ta kuwa, man ba ya ƙarewa. Ta sha ganin ya yi ƙasa, ta waiwayo ta tarar ya cika.

Da hantsi ta sauka sayen burodi. Tana dawowa ta wuce ɗakinta don ta shafa wa katin mai, sai ta yi turus a bakin ƙofa. Hajiya Dela ce zaune a kan gadonta, sandarta a jingine, tana tsiyaya man kicin a cikin 'yar kwalbar, harshe a waje saboda natsuwa.

"Hajiya! Me kike yi?"

"Wallah kin tsorata ni, ya binti. Ku a garinku ba a sallama?" Tsohuwar ta rufe kwalbar. "Cika miki nake."

"Cika min?"

"To, ba ni ke rage shi ba? Tun a Karantina na gano shi, na ce wannan maganin kaushi ne na mutanen Hausa. Da na ga ya yi ƙasa sai kunya ta kama ni, na zuba na kicin. Ashe duk ɗaya ne da wanda muke cin waken ful da shi. Kwalbar ce dai ta fi min daɗin riƙewa."

Lidiya ta zame ta zauna a ƙasa, ledar burodi a cinyarta. Ta tuna lokacin da ɗanta ya tashi daga zazzaɓin da ya kusa kai shi, yadda ta rungume kwalbar nan tana sumbatarta. Ranar ko sunan Yesu ba ta ambata ba. Ta tuna mahaifinta, mai bishara a ƙauyensu, da ya tsinke layar da kakarta ta rataya mata, ya zaunar da ita ya ce gunki ba sai an sassaƙa shi ba, duk abin da mutum ya fi tsoron rasawa fiye da Ubangiji ya riga ya zama gunkinsa. Ta girma tana tausayin masu laya, ashe tata a kwalba take.

"Kuka kike a kan mai?" in ji Hajiya Dela. "Shi ke nan, zan sa Abdallah ya sayo miki galan guda."

Lidiya ta share hawaye ta gaya mata ko man mene ne. Tsohuwar ta sunkuya ta duba dugaduganta.

"Ke nan duk shekarun nan albarkarki nake takawa?"

Dariya ta ƙwace wa Lidiya, tana yi hawaye na zuba. Hajiya Dela ta dafa kan Lidiya ta miƙe da ƙyar. "Ki yafe min, 'yar nan, ban sani ba. Amma fa kaushin ya warke."

Da tsohuwar ta fita, Lidiya ta ɗauki waya. Akwai wata ƙawarta da za ta taso daga Jos mako mai zuwa, za ta iya riƙo mata sabuwar kwalba. Ta fara rubuta saƙon, ta kai rabi, ta goge. Ta durƙusa a gaban gado hannu wofi. Da farko maganar ta ƙi fitowa, kamar mai gaida wanda ta daɗe tana kauce wa hanyarsa. Ta nemi gafara. Daga nan sai godiya ta ɓalle mata: ta gode don ɗanta, don abincin da ba ta taɓa rasawa ba, don tsohuwar nan da kaushinta. Sai a ƙarshe ta tuna da iƙama, ta ce, "Ya Uba, nan ko gida, kana can."

Bayan la'asar Abdallah ya shigo ya same ta a falo, ƙafar uwarsa a cinyarta, tana murza mata man. Ya sumbaci goshin tsohuwar, ya juyo da Hausarsa mai gauraye da Larabci.

"Yalla, Lidiya, kawo iƙama in ga lamba."

Ta wanke hannu ta miƙa masa. Ya jujjuya katin yana mamaki.

"Yau babu maiƙo? Kullum sai ya ɓata min riga." Ya zauna ya ciro waya ya fara sabunta iƙamar. "Ummi ta ce in na sallame ki, in saya mata tikiti ita ma, Malumfashi za ta bi ki. Ni kuma ban san hanya ba."

"Na gode, Alhaji," in ji Lidiya. A ranta ta ƙara wata godiyar, ta faɗi sunan wanda take yi wa ita. Sannan ta jawo ɗaya ƙafar Hajiya Dela.