Falle Biyar na Ƙarshe

Malam Hudu na Wurma bai taɓa yin ƙarya a kan littafi ba sai sau ɗaya, kuma ita ce ta ci shi.

Littafin na marigayi Malam Rabe ne na Dutsin-Ma, wanda ya taho da shi daga hanyar Makka a ƙafa, kuma ba a san wani mai irinsa ba a duk ƙasar Katsina. Da ya rasu, gafakarsa ta zauna a hannun matarsa, Gwaggo Barira, tsohuwa mai kaffa-kaffa, wadda ba ta san alifi ba amma ta san girman tawada. Lokacin Nasara na yaƙi da Jamus, takarda ta ɓace a kasuwa, ba halin kwafa, sai dai aro. Gwaggo ta kafa doka: falle biyar duk Alhamis, a mayar da na baya kafin a karɓi na gaba.

Ranar farko da Malam Hudu ya zo aro ta tambaye shi, "Wai mi ke cikin wanga littahi, Malam?"

To, hikaya ce. An tsinci gawar wani attajiri a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki, alƙali kuma na tuhumar mutum uku: mai tsaron ƙofa, da ƙanen mamacin, da wanzaminsa. Amma yaya liman mai furfura a gemu zai buɗe baki ya ce yana cin rabin yini a bayan jaki saboda tatsuniya? Sai ya gyara murya ya ce, "Addu'o'i ne, Gwaggo, manya-manya. Ba kowa ke iya ɗaukarsu ba." Tsohuwa ta gyaɗa kai, ta miƙa masa da hannu biyu.

Tun daga nan Malam Hudu ya rasa sukuni, ya kuma rasa abokin hira, don wanda ya ce addu'a yake karantawa ba ya tara mutane ya tambaye su wa ya kashe attajiri. Sai kyanwarsa, wata baƙa mai yagaggen kunne da yake ajiye da ita saboda ɓeraye kada su taɓa masa littattafai. Ita ce ke shan bayani duk mako. "Mai tsaron ƙofa ne," in ji shi a makon farko. Mako na uku ya ce, "Na zalunci bawan Allah, ƙanen nan ne, gado yake so." Kyanwa ta yi hamma ta juya masa baya.

Bazara ta shigo da zafinta. Gajimare su taru da la'asar kamar da gaske, su watse ba ko ɗigo. Mutanen Wurma na ta sharar gona da kai taki, matarsa Yahanasu na ta mita cewa tasu gonar ce kaɗai har yanzu karan bara ke tsaye a ciki. Ya ce to, ya ɗauki fartanya, ya je ya tsaya a bakin kunya yana tunanin aska da wuyan attajiri.

Saura falle goma, ya makara wata Alhamis, rana ta dafa shi a hanya. Yana isa zauren Gwaggo jiri ya kwashe shi, jiki ya ɗau zafi kamar tanda. Bai san iyakar abin da ya faru ba, sai dai ya ji an tallafo kansa an kafa masa ƙoƙo a baki. Rubutu ne, baƙi ƙirin, mai kauri. Ya shanye, ya yi barci har la'asar, ya tashi sharkaf da gumi, garau. Ya yi godiya, ya karɓi fallensa biyar ya kama hanya.

Waɗannan biyar ɗin su suka ƙarasa shi. A layin ƙarshe alƙali ya miƙe ya ce, gobe a tara jama'a, zai faɗi sunan mai laifi. Kwana bakwai! Malam Hudu ya bar tuwo a akushi, ya yi mantuwa a sallar Azahar har sai da mamu suka yi masa tasbihi. Kyanwa ma ta gaji da shi ta koma kan rumbu. Shi dai yanzu ya tsaya a kan wanzami, amma zuciyarsa na raya masa cewa alƙalin nan da kansa bai yi masa kama da mai gaskiya ba.

Alhamis tun hantsi bai ɗaga ba yana ƙofar Gwaggo. Ta fito da falle biyar na ƙarshe a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta. Ya kasa haƙurin kaiwa gida, ya warware nan take.

Takardun sun yi yaushi, sun yi toka-toka. Ya juya gaba, ya juya baya. Babu ko wasali ɗaya.

"Gwaggo, ina rubutun?"

"Ai shi na wanke maka ran da ka hwaɗi, ɗan nan," in ji ta, fuskarta cike da murna. "Kai ka ce addu'o'i ne manya. Na ce to na ƙarshe sun hi ƙarhi, na zaro daga ƙasa. Ga shi kuwa ka tashi! Na shanya su da kyau, ko ɗaya bai yage ba."

Me zai ce? Ga tsohuwa na jiran yabo. Da ƙyar ya ce, "Allah ya saka da alheri, Gwaggo."

A hanyar komawa ruwan farko ya sauko, ƙasa ta tashi da ƙamshi, manoma na ta gudu da iri a ƙwarya suna yi masa barka. Ya kaɗa jakinsa ya wuce. Ya isa gida a jiƙe, ya kwanta rigingine a kan buzu. Kyanwa ta sauko daga rumbu, ta hau ruwan cikinsa ta kwanta, ta kafa yagaggen kunnenta kamar mai saurare.

Malam Hudu ya dube ta ya ce, "Yana nan ciki. In kin ji sunansa, don Allah ki gaya mini."